Daga Alau Zuwa Shehuri: Wa Ke Biyan Kuɗin Rashin Auna Aiki?

Ran Talata 10 ga watan Satumba, 2024, gari ya waye wa mutanen unguwar Shehuri da ke tsakiyar birnin Maiduguri a cikin ruwa. Tun da dare ruwan da ya ɓalle daga madatsar Alau ya biyo kogin Ngadda ya shigo gari, ya mamaye Fori da Gwange da Bulabulin, ya kutsa Budum da babbar kasuwar nan ta Monday, har ya shiga fadar Mai Martaba Shehun Borno. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri bai tsira ba, haka gidan ajiye namun daji na Sanda Kyarimi, haka kuma gidan yari, inda bango ya faɗi fursunoni fiye da 270 suka tsere. Gwamna Babagana Umara Zulum ya ƙiyasta cewa abin ya shafi mutum miliyan ɗaya, hukumomin agaji kuwa suka ce kimanin 400,000 ne suka bar gidajensu. An yi hasarar rayuka da dama, sa'an nan cikin watan Oktoba gwamnatin jihar ta ba da sanarwar ɓarkewar cutar kwalara.

Rayukan da suka salwanta ba su da fansa. Amma akwai wata hasarar da ake iya lissafawa, ita ce ta jarin jama'a. Mai sayar da atamfa da shadda, da mai ɗinkin hula, da mai turaren wuta, da mai sito cike da wake ko masara, duk sun kwana da dukiya sun tashi da laka. Abin da ya ƙara wa lamarin ciwo shi ne, kasuwar Monday ba ta daɗe da farfaɗowa daga gobarar da ta cinye ta cikin watan Fabrairun 2023 ba. Waɗannan mutane ba su sa hannu a kwangilar gina madatsar ba, ba su ne ke buɗe ƙofofinta ko rufe su ba, amma su ne suka biya. Wannan shi ne abin da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya riƙe game da batun auna tasirin manyan ayyuka a kan muhalli: kuɗin da aka ƙi kashewa wajen bincike da kulawa ba ya ɓacewa, sai dai a ɗage ranar biya, a kuma ɗora wa wanda ke zaune a gangare.

Madatsar da birni ya dogara da ita

Ba adalci ba ne a ɗauki madatsar Alau tamkar wani mugun abu da aka ƙaƙaba wa jama'a. An gina ta tsakanin 1984 da 1986 a kan kogin Ngadda, kimanin kilomita 20 kudu maso gabas da Maiduguri, domin ta tara ruwan da ya kai kubik mita miliyan 112. Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, wadda ta Gwamnatin Tarayya ce, ita aka damƙa wa kula da ita. An yi ta ne bayan farin da ya gallabi Arewa a farkon shekarun 1970 da kuma na 1983 zuwa 1984, lokacin da babban abin tsoro shi ne ƙishirwa. Ta ba birnin ruwan sha, ta samar wa masu lambu aikin rani, ta ba masunta abin yi. Duk mai gidan burodi, da mai otal, da mai buga bulo, da mai sarrafa ruwan leda a Maiduguri ya ci moriyarta, ko ya sani ko bai sani ba.

Saboda haka maganar ba ta a yi aiki ko kada a yi ba ce. Jihar da ke bakin hamada ba za ta rayu ba tare da tara ruwa ba. Maganar ita ce ta yadda za a san nauyin aiki tun kafin a ɗauka, da yadda za a ci gaba da auna shi muddin yana tsaye.

Abin da doka ta tanada

Ƙasar Amurka ce ta fara mayar da irin wannan bincike tilas da dokar da ta fara aiki a farkon 1970. Nijeriya kuwa sai da ta ji jiki. Cikin 1988 aka gano an jibge dubban gangunan dagwalon masana'antu mai guba daga ƙasar Italiya a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel. Abin kunyar da ya biyo baya shi ya sa gwamnatin soja ta kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya, watau FEPA, a ƙarshen wannan shekara. Bayan babban taron duniya kan muhalli da aka yi a birnin Riyo na ƙasar Barazil cikin 1992, aka kafa Doka Mai Lamba 86 ta 1992, wadda ta hana gwamnati ko kamfani fara wani babban aiki ba tare da an auna abin da zai yi wa muhalli ba. Cikin 1999 aikin FEPA ya koma hannun Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, sa'an nan a 2007 aka kafa hukumar NESREA domin tilasta bin ƙa'idoji.

Dokar ta jera ayyukan da binciken ya zama wajibi a kansu. Daga ciki akwai madatsa ko tafkin da faɗinsa ya kai hekta 200, da shirin noman rani na hekta 5,000, da rukunin gidaje na hekta 50, da busar da fadama mai hekta 100. Tsarin kuwa a bayyane yake. Mai aiki zai gabatar da bayanin abin da yake nufin yi, a tantance girman haɗarinsa. Masana za su fita su auna ƙasa da ruwa da iska da tsirrai da sana'o'in mutanen wurin, da damina da kuma rani. Za a rubuta rahoton da zai bayyana illolin da ake hange, da wasu hanyoyin da za a iya bi, har da barin aikin baki ɗaya, da kuma matakan rage ɓarna da kuɗinsu. Za a baje rahoton a bainar jama'a na tsawon kwanakin aiki 21 domin kowa ya duba ya yi ƙorafi, kwamiti ya zauna a kansa, sa'an nan a ba da takardar izni ko a hana. Bayan an fara aiki kuma akwai sa ido da bincike lokaci lokaci.

Wanda ya san kasuwa zai ga cewa wannan ba baƙon abu ba ne. Babu falken da zai ɗora kaya zuwa Gamboru Ngala ko Banki bai tambayi lafiyar hanya ba, babu kuma bankin da zai ba da rance bai duba jingina ba. Auna tasirin aiki tambayar hanya ce, sai dai a nan matafiyan su ne jama'ar gari.

Aikin da ya girmi doka

Giɓi na farko da ambaliyar ta bankaɗo shi ne, madatsar Alau ta girmi dokar da shekara shida. Haka ma galibin manyan madatsun Arewa, irin su Tiga da Bakolori da Goronyo, duk an gina su kafin 1992. Dokar ta fi mai da hankali ga sabon aikin da ake shirin farawa, alhali kuwa haɗarin madatsa ƙaruwa yake yi da tsufanta. Yashi da laka suna taruwa a cikinta kowace damina, su rage mata ciki, ta yadda ruwan da take iya shanyewa jiya ba za ta iya yau ba. Ƙarafan ƙofofi suna tsatsa, bangon ƙasa yana zaizayewa. An fitar da ƙa'idoji na musamman kan madatsun ruwa cikin 2014, amma ƙa'ida a takarda ba ta toshe tsaga.

Garin da ke ƙarƙashin madatsar shi ma ba ya tsaye wuri ɗaya. Yerwa da aka kafa cikin 1907, wadda Shehuri ce cibiyarta, ta bunƙasa ƙwarai, musamman tun daga 2009 lokacin da rikicin Boko Haram ya koro dubban ɗaruruwan mutane daga ƙauyuka zuwa cikin birni. An yi gine-gine a bakin kogi da cikin kwari, an cike hanyoyin ruwa da shara, an rufe filayen da ke shanye ruwan sama da siminti. Ashe ko da an yi kyakkyawan lissafi a 1984, ba zai dace da Maidugurin 2024 ba.

Ba kuma za a ce ba a sami gargaɗi ba. Cikin watan Satumban 1994 ruwan wannan madatsa ya taɓa mamaye birnin, dattawan Shehuri da Gwange ba su manta ba. Kafin nan, cikin watan Agustan 1988, madatsar Bagauda ta fashe a Jihar Kano. A waje kuwa, cikin watan Satumban 2023, shekara guda cif kafin na Maiduguri, tsofaffin madatsu biyu da aka yi sakaci da gyaransu suka fashe a kan birnin Darna na ƙasar Libiya, fiye da mutum 4,000 suka halaka. Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Shekara 30 da ke tsakanin ambaliyar farko da ta biyu sun isa a zana taswirar da za ta nuna unguwar da ruwa zai fara isa, da sa'o'in da zai ɗauka, da tudun da jama'a za su nufa.

An yi ta jayayya kan musabbabin abin da ya faru. Jami'an gwamnati sun jingina shi ga ruwan sama mai yawan gaske da sauyin yanayi, wasu kuwa suka ce rashin gyara ne ya kai ga haka. Ga ɗan kasuwar da kayansa suka jiƙe, bambancin kaɗan ne, domin duka biyun tambayoyi ne da cikakken bincike ke yi tun da wuri: wane ruwa ne mafi girma da ginin zai iya ɗauka, wa zai duba shi kuma da wane kuɗi, in ya gaza wa za a fara sanarwa.

Lokacin da ruwan ya ƙi zuwa

Jihar Borno ta taɓa ganin ɗaya fuskar wannan kuskure. Cikin shekarun 1970 aka ƙaddamar da Shirin Noman Rani na Kudancin Tafkin Chadi a yankin Marte, da nufin noma alkama da shinkafa a fili mai hekta 67,000. Yana cikin manyan ayyukan noman rani da aka taɓa tsarawa a Afirka. An haƙa doguwar hanyar ruwa daga tafkin, an kafa manyan injunan jan ruwa, an gina gidajen ma'aikata, an zuba kuɗin mai masu ɗimbin yawa. Amma an ɗora lissafin ne a kan shekarun 1960, lokacin da tafkin ke cike, faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Da fari ya zo, tafkin ya ja da baya, kafin tsakiyar shekarun 1980 bai kai kashi ɗaya cikin goma na yadda yake a da ba. Bakin hanyar ruwan ya zama busasshiyar ƙasa, ba a taɓa noma fiye da ɗan ƙaramin kaso na filin da aka tsara ba.

Abin lura shi ne, tarihin tafkin bai ɓoye halinsa ba. Ya sha cika ya sha janyewa, ya kuma yi ƙasa sosai a farkon ƙarni na 20. Binciken da ya duba dogon tarihi, ya kuma saurari masunta da makiyayan da suka gaji wurin, da ya ba da shawarar a yi aikin kashi kashi, ko a tsara shi yadda zai jure shekarun ƙaranci. A Marte an yi shiri don ruwan da bai zo ba, a Alau ba a yi isasshen shiri don ruwan da ya zo ba. Tushen ɗaya ne, watau ɗaukar 'yan shekarun da aka saba da su a matsayin dawwamammen hali.

Mutanen gangare

Darasi na uku ya fito daga kogin Haɗeja. An kammala madatsar Tiga cikin 1974, ta Challawa kuwa cikin 1992, domin noman rani da ruwan sha a Jihar Kano. Amfaninsu a Kadawa da Kura ba ɓoyayye ba ne. Sai dai ruwan da aka tare shi ne ke malala kowace shekara a fadamun Haɗeja da Nguru, inda dubban ɗaruruwan mutane ke noman shinkafa, da su, da kiwo. Malalar ta ragu, tsarinta ya canza, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki. Wani bincike da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa, in aka kwatanta amfanin da ake samu daga ma'auni ɗaya na ruwa, abin da fadamar ke bayarwa ta noma da kifi da itace ya ninka na shirin noman ranin sau da yawa. Ba a sa wannan a littafin lissafin aikin ba, domin kifin masunci da nonon makiyayi ba sa bi ta ofis.

A Bakolori da ke Jihar Zamfara ta yanzu, rashin daidaitawa da manoma kan gonaki da diyya ya kai ga arangama da 'yan sanda cikin watan Afrilun 1980, aka kashe mutane da dama. Duk wanda ya zuba jari a wurin da jama'a ke jin an zalunce su ya san cewa katanga da maigadi ba za su ba shi kwanciyar hankali ba. Sauraron jama'a tun farko, wanda wasu ke gani ɓata lokaci ne, shi ne tsaro mafi araha.

Ƙorafin masu zuba jari

Masu masana'antu da 'yan kwangila suna da nasu ƙorafin, kuma ba duka ne na banza ba. Na farko shi ne tsada. Amma Bankin Duniya, wanda ya mai da irin wannan bincike sharaɗin rancensa tun 1989, ya daɗe da ƙiyasta cewa da wuya kuɗinsa ya wuce kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin aiki. Duk wanda ya kwatanta wannan da hasarar kwana ɗaya a kasuwar Monday zai gane wanne ne mai tsadar.

Na biyu shi ne jinkiri, kuma a nan suna da gaskiya. Mai aiki a Maiduguri ya kan yi ta safa da marwa zuwa Abuja, ga hukumar tarayya ga ta jiha kowace da nata kuɗin, takarda ta yi watanni a kan tebur. Maganin wannan shi ne a ƙayyade wa ma'aikata wa'adin ba da amsa, a haɗa biyan kuɗi wuri ɗaya, a bar ƙananan ayyuka a hannun Hukumar Kare Muhalli ta Jihar Borno bayan an ƙarfafa ta da ma'aikata da kayan aiki. Ba a yanke hannu don ƙaiƙayi.

Na uku ya fi muni, shi ne cewa binciken ya kan zama wasan yara. Mai aiki ne ke ɗaukar masani ya biya shi, saboda haka akwai jarabar rubuta abin da maigida ke son ji. A kan kwafo rahoton wani wuri a canza suna, a kan fara haƙa tushe kafin izni ya fito, a kan ajiye rahoto mai ɗaruruwan shafuna cikin Turanci a sakatariyar ƙaramar hukuma a ce an sanar da jama'a. Tarar da aka rubuta a dokar cikin 1992 ba ta taimaka ba: Naira 100,000 ko ɗaurin shekara biyar ga mutum, kamfani kuwa daga Naira 50,000 zuwa Naira miliyan ɗaya. A wancan zamani kuɗi ne mai nauyi, amma faɗuwar darajar Naira ta mai da shi abin da babban kamfani zai biya bai ji a jikinsa ba. Hukuncin da ya fi bin doka araha gayyata ce ga karya doka. Ya kyautu tara ta zama wani kaso na kuɗin aikin, a kuma soke lasin masanin da aka kama da rahoton ƙarya.

Akwai kuma masu cewa ambaliya ƙaddara ce. Ba mai musun haka. Amma mutumin da ke kulle shagonsa da kwaɗo biyu kowane dare ya riga ya yarda cewa yarda da ƙaddara ba ta hana ɗaukar mataki.

Naira miliyan dubu 80

A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe Naira miliyan dubu 80 domin sake gina madatsar Alau da inganta ta, Ministan Albarkatun Ruwa Farfesa Joseph Utsev ya ƙaddamar da aikin cikin watan Maris, aka ɗiba masa wa'adin wata 24. Wannan mataki ne da ya dace, domin birnin ba zai zauna ba ruwa ba. Amma ranar da ɗan kwangila ya kwashe kayansa ba ita ce ƙarshen aiki ba, ita ce farkonsa. In ana so kada 1994 da 2024 su sami ƙane, akwai abubuwa biyar da ya wajaba su tabbata.

Na ɗaya, rahoton auna tasirin aikin ya zama abin da kowa zai iya samu, a taƙaita shi cikin Kanuri da Hausa, a karanta a gidajen rediyo, a kai wa masu unguwanni da shugabannin kasuwa. Na biyu, a buga taswirar ambaliya ta birnin, unguwa unguwa, ta zama ita ce ma'aunin ba da fili da izinin gini, a kuma biya diyya ta gaskiya ga wanda ya zama tilas ya tashi daga bakin kogi. Na uku, a rubuta ƙa'idar buɗe ƙofofin madatsar, a bayyana tsawon ruwan da in an kai za a saki, a riƙa sanar da ma'aunin ruwa kullum daga watan Yuli zuwa Oktoba kamar yadda ake sanar da farashin kaya. Ƙa'idar ta kuma tanadi rabon manoman shinkafa na fadamar Jere, waɗanda ruwan Ngadda ke ƙarewa a gonakinsu. Na huɗu, a kafa hanyar gargaɗi mai aiki ko da tsakar dare, da jiniya da saƙon wayar hannu da lasifikar masallatai, a kuma gwada ta kowace shekara kafin damina. Na biyar, a keɓe asusun gyara da yashe laka wanda ba zai jira kasafin kuɗin shekara ba, injiniyoyi masu zaman kansu su duba ginin duk shekara, a buga sakamakon.

Kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin aikin Naira miliyan 800 ne. Ba za a ce babu abin yin waɗannan abubuwa ba. Haka kuma abin da ya dace da Alau ya dace da sauran tsofaffin madatsun da suka girmi doka. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa bayan ambaliyar domin duba lafiyar madatsun ƙasa mafari ne mai kyau, amma amfanin irin wannan dubawa yana ga maimaita ta da kuma bayyana wa jama'a abin da aka gani.

Rabon 'yan kasuwa

Kuskure ne 'yan kasuwa su ɗauka wannan aikin gwamnati ne da masana kaɗai. Kwanaki 21 da ake baje rahoto haƙƙi ne da doka ta ba su, amma sau da yawa wa'adin kan cika ba wanda ya leƙa. Cibiyar ciniki da masana'antu ta jiha, da ƙungiyoyin kasuwar Monday da Gamboru da Tashar Baga, suna da halin ɗaukar injiniya ɗaya da lauya ɗaya su karanta musu duk rahoton da ya shafi birnin, su rubuta ƙorafi a kan lokaci. Abin da za a tara don wannan bai kai kuɗin tirela ɗaya ta shinkafa ba. Muryar ƙungiya kafin a zuba siminti ta fi kukan mutum dubu bayan ruwa ya wuce.

Sa'an nan kowa ya auna nasa aikin. Mai shirin gina sito, ko gidan mai, ko injin casar shinkafa, ko rukunin shaguna, ya tambayi inda ruwa ya kai a 1994 da 2024 kafin ya biya kuɗin fili, ya ɗaga daɓen gininsa, ya bar wa ruwa hanya, ya san inda dattin masana'antarsa zai tafi. Filin da ya yi araha a bakin kogi yana da dalilinsa. Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa da hukumar auna ruwan koguna suna fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara, kyauta, kuma mai sito da ya duba su zai san lokacin da zai rage ajiya ko ya mai da kaya tudu. Inshorar gobara da ta haɗa da ambaliya, ko takwararta ta takaful ga mai gudun riba, ta cancanci a tambayi farashinta.

Bankuna ma suna da abin cewa. Tun 2012 Babban Bankin Nijeriya ya ɗora musu ƙa'idojin duba illar muhalli da ta jama'a kafin ba da rance, haka kuma masu ba da jari na ƙasashen waje ba sa sakin kuɗi sai sun ga rahoto mai inganci. Kamfanin da ya riƙe takardunsa tsaf ya fi samun rance cikin sauƙi, wanda ya yi ha'inci kuwa ya rufe wa kansa ƙofa. Bankin da ya karɓi gini a kwarin ruwa a matsayin jingina bai duba taswira ba, kuɗin masu ajiya ya jefa cikin kogi.

Jihar Borno na cikin aikin sake gina kanta bayan shekarun rikici: hanyoyi, da gidaje, da kasuwanni, da gonakin noman rani. Kowane ɗaya daga cikinsu zai taɓa ƙasa da ruwa, kowane ɗaya kuma yana da mutanen da ke gangarensa. Alamar da ruwa ya bari a bangayen Shehuri za ta dushe da fenti, sababbin 'yan kasuwa za su buɗe shaguna ba su san iyakar da ya kai ba. Abin da zai kare su ba tunawa ba ce, tsari ne da aka rubuta, aka ware masa kuɗi, ake kuma dubawa kowace shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma damina ba ta fasa zuwa.